Gwangwanin da Aka Hana Ruwa

Ranar wata Talata ce, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a wata makarantar firamare da ke Hammadu Kafi. Waɗanda ke cikin ajin su ne malaman firamare da aka tattaro daga ƙananan hukumomi daban-daban, da wata mata mai horar da su, da ni da na je ɗauko rahoto domin shirinmu na ilimi a gidan rediyo. Ana nuna musu yadda za su koyar da kimiyya da abin da hannun yaro zai taɓa, ba da alli da allo kaɗai ba. Ina tsaye a bakin ƙofa ina gyara na'urar ɗaukar murya, sai mai horarwar ta tsiyaya ruwa a wani gwangwanin madara da aka cika da busasshiyar ƙasa. Ƙamshin ya iso inda nake. Ya yi kama da na ruwan farko, sai dai akwai ɗan tsatsa a cikinsa, da ɗan ƙarnin madara. Na san wannan ƙamshin tun ina yarinya 'yar aji biyar, kuma labarinsa nake so in ba ka.

A unguwar Herwagana ta garin Gombe na tashi, a wani gidan haya mai ɗakuna jere, duka suna kallon tsakar gida ɗaya. Mu Musulmi ne, maƙwabtanmu na dama da hagu Kiristoci ne daga kudancin jihar. Da asuba kiran salla ke tashin gidan, ranar Lahadi kuma ƙararrawa da gangunan coci ke cika unguwar, kuma ban tuna wani ya taɓa cewa ɗaya ya dame shi ba. Mahaifina direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya. Ɗakin ƙarshe, na kusa da katanga, na kakata ne, wadda ta haifi mahaifina. Bafulatana ce, a ruga ta girma wajen Dukku, sai da shanu suka ƙare ta yarda ta dawo cikin gari. A bakin ƙofarta akwai ɗan dakali, a kansa take ajiye butarta.

Abin ya faru ne a bazara. In ka taɓa yin bazara a Gombe, ba sai na yi maka dogon bayani ba. Kwanon rufi yakan riƙa ƙara da rana tsaka kamar ana taka shi. Ƙudaje sukan taru a kan ɓawon mangwaro. Famfon unguwa yakan yi kwanaki bai ɗiga ba, sai a jira 'yan ga-ruwa su turo kurarsu. Ruwan da aka wanke shinkafa da shi ake wanke kwanuka, wanda aka wanke kwanuka da shi kuma a yayyafa a tsakar gida. Kowa ya san nauyin kofi ɗaya.

Malamarmu ta kimiyya 'yar wajen Kaltungo ce, gajera, mai saurin tafiya, kullum da jakar leda cike da tarkace. A ajinta muka auna inuwar sandar tuta da igiya, da safe da kuma kafin a tashi, muka ga ta gajarce. A ajinta muka tace ruwan kwata da yashi da gawayi da tsumma har ya fito garau, ta kuma hana mu sha. Ta taɓa fasa wata matacciyar rediyo ta ciro maganaɗisun da ke cikinta, muka wuni muna tsintar allurai a ƙasa. Sauran darussa haddace su muke yi, mu rera da ƙarfi. Nata kuwa da ƙura a gwiwa muke fitowa.

Wannan ne bai yi wa hedimasta daɗi ba. Kada ka ɗauka mugun mutum ne. Dattijo ne dogo, mai tsabta, wanda ya san sunan mahaifin kowane yaro. Damuwarsa jarrabawar shiga sakandare, kuma yakan ce takardar jarrabawa ba ta tambayar wanda ya taɓa ƙasa. Iyaye ma sun kawo masa ƙorafi, domin a lokacin da ake sayen ruwa, yaro ya dawo da rigar makaranta duk taɓo ba ƙaramin abu ba ne. A ƙarshe ya yanke hukunci, kuma Malama ba ta ɓoye mana ba. Wani jami'i zai zo daga ofishin ilimi ya ga irin koyarwarta. In ya gamsu, za ta ci gaba, wataƙila ma a kai tsarin wasu makarantu. In bai gamsu ba, jakar leda ta zauna a gida, mu koma allo.

Ta zaɓi gwajin tsirowar iri, domin kowa na iya samun wake da gwangwani. Ta raba mu bisa layukan bencinmu. Layin farko za su ba nasu ruwa su ajiye shi a haske. Layi na biyu za su ba shi ruwa su ajiye a duhu. Layi na uku, wato namu, haske kawai, ba ruwa ko ɗigo. Ta maimaita mana cewa namu ne ginshiƙin gwajin, domin da shi za a gane aikin ruwa. Tagogin ajinmu ba su da marafai, kuma da an tashi awakin unguwa ke karɓar makarantar, saboda haka kowa ya tafi da nasa gida, sai ranar zuwan baƙo a dawo da su.

Na nemi wurin da ƙannena ba sa wasa, ban ga wanda ya fi dakalin kakata ba. Na ajiye gwangwanin kusa da butarta, na yi mata bayani dalla-dalla cewa akwai wake a ciki, kuma ba a ba shi ruwa.

Ta leƙa ciki, ta dube ni. "Me ya yi?"

"Wa?"

"Waken. Me ya yi aka hana shi ruwa?"

"Ba abin da ya yi, Kaka. Gwaji ne. Malama ce ta ce."

Ta ce, "To."

A shekaruna na lokacin, ban san cewa "to" ɗin tsofaffi iri-iri ne ba. Na ɗauka mun gama magana.

Kullum na dawo daga makaranta sai in duba. Saman ƙasar fari fat, a bushe, yadda ake so. Sai ana jibi baƙo zai zo, na ga ƙasar ta tsage a gefe guda. Washegari wani abu kore ya turo lanƙwasasshen wuya. Ranar da za a kai makaranta kuwa ya miƙe tsaye da ganye biyu, lafiyayye, kamar wanda aka yi wa kiwo. Na tsaya a kansa ban san ko murna zan yi ko kuka ba. Na sa shi a leda na tafi.

Malama ta jera gwangwanayen a kan bencina uku a gaban aji, kowane benci da takardarsa. Na farko kore shar. Na biyu dogaye, farare, sun yi laushi kamar marasa lafiya. Na uku ƙasa ce kawai, gwangwani bayan gwangwani, har ka iso nawa. Na miƙa mata shi, na rantse mata ban sa masa ruwa ba. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ajiye shi a layinsa, a ƙarƙashin takardar da ta rubuta "Ba ruwa."

Hedimasta ya shigo duba shiri. Idonsa ya sauka a kan nawa nan take. Ya rage murya, amma aji ya yi tsit, duk mun ji.

"Malama, a kai wannan ofis kafin baƙo ya iso. Guda ɗaya ne, ba wanda zai ƙirga."

"Ranka ya daɗe, yaran sun riga sun gan shi. In na ɗauke shi yanzu, darasin da na koya musu yau ke nan."

"Kin san abin da zai biyo baya in ya ce aikin bai yi ba?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

Ya dube ta, ya dubi tsiron, ya fita. Ba a jima ba muka ji ƙarar babur.

Jami'in dattijo ne mai tabarau, da furfura a gemu. Ya bi bencinan a hankali, hannuwansa a baya. Ya gyaɗa kai a na farko, ya gyaɗa a na biyu. A na uku ya tsaya, ya karanta takardar, ya sunkuya.

"Ikon Allah. Malama, wannan fa? Ko waken Herwagana ba ya karanta littafi?"

Wasu suka yi dariya, hedimasta bai yi ba. Malama ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ma yau da safe na gan shi, ban san dalili ba. In ka ba mu lokaci, za mu nema a gabanka." Ta juyo gare mu. "Aji biyar, littafi ya ce iri ba ya tsirowa sai da ruwa. Ga wanda aka ce ba a ba shi ba, ya tsiro. Me ya faru?"

Wani yaro da ke bayana, wanda ba mu taɓa shiri da shi ba, ya ɗaga hannu kafin ta rufe baki. "Malama, wallahi satar ruwa ta yi masa!"

Na juya na ce, "Kai naka ko a rijiya aka jefa shi ba zai fito ba."

"Ya isa," in ji Malama. "Ba mu zo shari'a ba." Amma ta rubuta a allo: an sa masa ruwa. Wata ta ce raɓa ce. Wani ya ce wataƙila waken nawa wani iri ne na daban. Wata yarinya ta ce, a hankali, aljanu ne. Malama ta rubuta duka, har da aljanun, ba ta yi murmushi ba. Sannan ta tambaya, "A cikin waɗannan, wanne za mu iya dubawa yanzu, da hannunmu?"

Muka bi jerin da ke allo da ido. Can sai yaron nan da ya zarge ni ya ce a tona ƙasar a gani. Ta kira shi gaba. Ya cusa yatsa a wani gwangwanin layinmu har ƙasa, ya zaro shi da ƙura. Ya cusa a nawa. Sama a bushe, amma da ya zaro, kan yatsan ya yi baƙi da damshi, ya ɗaga shi kowa ya gani. Malama ta tambaya ko raɓa na sauka a bazara, kuma ko za ta jiƙa ƙasan gwangwani ta bar samansa. Muka ce a'a, ta soke raɓa. Ta ce duk waken daga mudu ɗaya ta ɗebo shi, ta soke wannan ma. Game da aljanu ta ce ba mu da abin auna su, saboda haka a bar su inda suke.

"To ruwa ya shiga," in ji ta. "Littafi bai yi ƙarya ba, gwajinmu ne ya sami ɓaraka. Mai gwangwanin ta ce ba ita ba ce, kuma ban taɓa kama ta da ƙarya ba. Ina kika ajiye shi?"

Na ce a dakalin kakata, kusa da butarta. Ina faɗa na ji abin ya faɗo mini a rai. Jami'in ya cire tabarau yana gogewa, kafaɗunsa na motsi.

Amma Malama ta ce wannan zato ne, sai an tambaya, kuma ko an tambaya sai an sake gwajin a inda ba wanda zai taɓa. Jami'in ya mayar da tabaransa, ya ce shi yau ba zai rubuta an yi ba, ba zai rubuta ba a yi ba. Zai dawo bayan mako biyu. In ya tarar da gwaji mai tsabta, kuma yara suka yi masa bayani da bakinsu, zai san abin da zai rubuta.

Bayan la'asar Malama ta zo gidanmu. Kakata ta shimfiɗa mata tabarma, ta ce "Jaɓɓaama," wato maraba, ta sa aka dama mata fura. Suka gaisa doguwar gaisuwa, kowacce da Hausar da ta koya a kan harshen iyayenta. Ina raɓe a jikin ƙofa. Da Malama ta kawo maganar wake, kakata ba ta ko sunkuyar da kai ba.

"Ni na ba shi. Kullum da asuba, ragowar ruwan alwalata."

"Inna, ai yarinyar ta gaya miki ba a ba shi."

"Ta gaya mini. 'Yar nan, ni a ruga na girma. Ko ɗan maraƙin wani ne ya kwana a garkenka, sai ka shayar da shi kafin ka nemi mai shi. An kawo abu mai rai an ajiye a ƙofar ɗakina, cikin wannan zafi, ina wucewa da buta a hannu. In wuce shi?"

Malama ta ce, "Da gangan muke barin wasu a bushe, Inna, domin yara su gane cewa ruwa ne ke tayar da iri."

"Yo wa bai san wannan ba?"

"Sun ji an faɗa. Ba su gani ba. Abin da yaro ya ji yakan bar shi a ɗakin jarrabawa, wanda ya gani da shi yake tafiya."

Kakata ta juya ludayi a ƙwarya. Sannan ta ce, "Na ji. Aikinki ne, kin fi ni saninsa. Amma ba a gidan nan ba. Ku kai shi inda idona ba zai gan shi ba." Ta ɗan karkato. "Wanda ya fito ɗin fa, me za ku yi da shi?"

"Naki ne, Inna. Ke kika raine shi."

"Useko," in ji kakata, wato ta gode.

Saura inda za a ajiye sabon gwajin. A duk makarantar, ofishin hedimasta kaɗai ke da ƙofa mai kulluwa da taga mai ƙarfe wadda rana ke shiga. Washegari Malama ta tafi da gwangwani biyu, da mu uku a bayanta, ta yi sallama. Ta ce ɗaya ba za a ba shi ruwa ba, ɗaya kuma za a riƙa ba shi rabin kofi kowace safiya, kuma tunda makullin a aljihunsa yake, ba wanda zai iya wannan sai shi. Ya dube ta ta saman takardunsa.

"Wato ni kika mayar ɗan aji biyar."

"Shaida muke nema wanda ba za a musa ba, ranka ya daɗe."

Ya nuna tagar da biro. "Ajiye su can."

Ban san abin da ya gudana a ofishin nan kowace safiya ba, domin ba mu shiga. Abin da na sani shi ne, wata rana ana tsakiyar darasin lissafi, ya leƙo ajinmu da kansa ya ce mu fito layi-layi. Ya tsayar da mu a bakin tagarsa ta waje. Ƙasar gwangwanin da yake shayarwa ta tsage, wuyan tsiron ya turo. Ya ce mu lura da kyau, ba da kai yake fitowa ba, da wuya yake ture ƙasa, sannan ya jawo ganyen daga baya domin kada su karye. Ya ce jiya da zai tashi babu komai. Muryarsa ba irin ta taron safe ba ce.

Da jami'in ya dawo, hedimasta ne ya ɗauko gwangwanayen biyu, ɗaya a kowane hannu, ya ajiye a gaban aji. Ya ce makulli bai bar aljihunsa ba. Aka zazzage busasshen a kan takarda, waken ya faɗo yadda aka sa shi, ko kumbura bai yi ba. Jami'in ya yi ta jefa mana tambayoyi, ba daga littafi ba. Ya tambayi dalilin da ya sa aka ajiye su a taga ɗaya. Yarinyar nan mai aljanu ta ce domin kada a ce haske ne ya bambanta su. Ya tambayi abin da gwajin farko ya koya mana. Wani ya ce kada a kai gwangwani gidan da akwai kaka. Sai da dariya ta lafa jami'in ya zauna ya yi rubutunsa.

Aikina ya kai ni makarantu da yawa a wannan yanki, na cikin gari da na ƙauye, kuma abubuwa sun sauya. Tagogin ajujuwa da dama yanzu suna da marafai. Akwai inda aka kai akwatunan kayan gwaji, da kofunan awo na roba da madubin ƙara girma. A wasu wuraren na tarar ana amfani da su har sun tsufa. A wasu kuma suna kulle a ofis cikin ledarsu, kuma in ka tambaya a natse, ba lalacewarsu kaɗai ake tsoro ba. Malami yana tsoron ya yi gwaji a gaban yara abin ya ƙi fitowa yadda littafi ya ce, ya rasa ta cewa. Ban ga laifinsa ba, domin shi ma haka aka koyar da shi. Kaya suna da amfani, kuma ina fatan a ƙara. Sai dai a ganina, abin da ya fi wuyar rabawa makarantu shi ne malamin da zai iya tsayawa gaban aji, da baƙo a zaune, ya ce bai sani ba, a zo a duba.

Malama ba ta ƙarasa shekarar da mu ba. Da damina ta faɗi, ofishin ilimi ya ɗauke ta, ta riƙa zagaya makarantun Akko da Yamaltu da Kaltungo tana nuna wa malamai yadda ake yi. Ba a turo mana wani a madadinta ba, sai hedimasta ya karɓi darasin kimiyya na aji biyar da kansa. Ranar da ya fara shigowa, ya ce gobe kowa ya zo da ƙusa biyu, za mu ga abin da ke kawo tsatsa.